Karatun Kwamfuta a Ƙasar Adar: Ina Aikin Yake?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina gaida mutanen cikin garin Tawa, da na Kalfu da Barmu da Afala da Takanamat, da Tamaske da Keita da Ibohaman, har can Tabalak da Abalak. Ƴan bida da ke kama mu ta salula daga Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ku matso kusa, don rabin zancen yau naku ne. Aljihunku ne ke biyan kuɗin karatun da za mu tattauna.

Duk shekara, da sakamakon jarrabawar bak ya fito cikin damina, ana gama barka da arziki sai a koma zaure a shiga shawara. Yaro ya ce shi karatun kwamfuta yake so. Uba ya yi shiru, don ya rasa ta inda zai kama maganar. Da likita yaron ya ce, an san likita. Da ya ce alƙali, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin duwan, duk an san kayan jikinsu, an san ƙofar ofishinsu. Amma mai digirin kwamfuta fa, wace ƙofa yake shiga da safe, wa ke biyansa a ƙarshen wata? Sai yaro ya ce, "Baba, ai zamani ne." Mutumin da zai fid da rago ya kai kasuwar Lahadi don kuɗin rajista ya cancanci amsar da ta fi wannan.

Bari mu fara rarrabe aya da tsakuwa, don sana'o'i daban-daban ake haɗawa a ƙunshi ɗaya. Akwai wanda ya yi ƴan watanni a wata cibiya ya koyi buga takarda da Word, da jera lissafi a Excel. Sana'a ce ta halal, ita ke ciyar da masu shagunan buga takardu da ke kewaye da ma'aikatu. Akwai mai gyara, wanda zai buɗe cikin na'ura ya canza abin da ya ƙone. Sannan akwai wanda ya yi shekara biyu, ko uku, ko biyar a jami'a, aka koya masa yadda ake ƙera manhajar da su waɗancan ke aiki da ita. A kan na ukun nan shirinmu ya tsaya.

Don a gane aikinsa, ku zo mu tsaya gaban tagar wani kamfanin aika kuɗi, saura kwana uku Sallar layya. Layi ya fito har bakin titi. Ga wata tsohuwa ta taso daga ƙauye tun da sassafe, ta ɗaure takardar shaidarta a bakin zane, jikanta na riƙe da salula mai lambar da ɗanta ya turo daga Abijan. Yarinyar da ke bayan gilashi ta buga lambar, sunan tsohuwa ya fito, yawan jikkunan ya fito, ta ƙirga ta miƙa mata. "Inna, ki sake ƙirgawa." Shi ke nan, an sallame ta. To a ɗan tsakanin nan, na'urar da ke Tawa ta tambayi wata babbar na'ura da ke nesa: lambar nan ta gaskiya ce? An riga an karɓi kuɗin nan a wani reshe? Waccan ta amsa, ta soke lambar nan take don kada wani ya je Keita ko Ƙonni ya sake karɓa da ita, ta cire kuɗin daga lissafin reshen, ta ajiye shaida. Wani ɗan Adam ne ya zauna ya tsara wannan tambaya da amsa daki-daki. Shi ya yi tunanin abin da za a yi idan rezo ya ɗauke bayan an soke lamba alhali kuɗi bai shiga hannun tsohuwa ba. Shi ya toshe kafar da ɓarawo zai iya kutsowa ta ciki. Kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza, da NITA, da Amana, da Zeyna, da BNIF Afuwa, babu wanda zai wuni a kasuwa ba tare da irin wannan mutum ba. Mu Adarawa da kuɗin bida ke riƙe da gidajenmu mun daɗe muna cin amfanin wannan ilimi, ba mu dai san sunan masu shi ba.

Wurin koyonsa kuwa ba sai an ƙetare teku ba. Jami'armu ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin nan da ya rubuta littafi kan Adar kafin zuwan Turawa, tana da cibiyar koyon fasaha da ake kira IUT, kuma a cikinta akwai sashen kwamfuta na tafiyar da harkokin ma'aikatu da kasuwanci. A Yamai akwai sashen lissafi da kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni, akwai makarantar EMIG, akwai reshen makarantar IAI. Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 ta karkata ne ga fasahar sadarwa. Makarantu masu zaman kansu kuwa sun yi yawa, za mu dawo kansu.

Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya ji tun yanzu: karatun nan cike yake da lissafi. Wanda ya yi bak C ko D ya fi samun sauƙinsa. Iya shafa salula, da buɗe wa mutanen unguwa Facebook, da sauke musu fina-finai, bai nuna yaro zai iya ba. Alamar da ta fi gaskiya ita ce haƙuri: yaron da zai zauna da matsala ɗaya tun azahar har magariba, abu ya ƙi, ya tashi ya yi salla ya dawo kansa, daga ƙarshe ya gano ashe waƙafi ɗaya ne ya manta.

Yanzu ga ɗacin maganar. Manyan kujerun wannan aiki suna Yamai. Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom da ta gaji Orange a 2019, da Niger Telecom, da bankuna, da hukumar gwamnati mai kula da shigar da ƙasa cikin harkar intanet, duk a can ƙwaƙwalwarsu take, fiye da kilomita 500 daga nan. Abin da ke isowa jiha reshe ne. A reshe kuwa mutum ɗaya ake so ya zama komai: shi ne mai haɗa rezo, shi ne mai tayar da na'urar buga takarda idan ta cije, shi ake kira idan batirin sola ya ƙi ɗaukar caji, shi zai koya wa sakatare inda takardarta ta ɓace. Yaron da ya fito jami'a yana ganin hannunsa ya fi ƙarfin taɓa waya da ƙura, to ya shirya zaman jira.

Aikin gwamnati fa? Shi ne mafarkin kowane uba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai hanyar doguwa ce. Mai digiri zai yi shekara biyu na bautar ƙasa, ya gama, ya kai takardunsa hukumar samar da aiki ta ANPE, ya zauna sauraron ranar da za a buɗe konkur. Da yawa kafin ranar ta zo sun shiga koyarwa da kwantaragi, suna karantar da lissafi a kolejin wani ƙauye. A nan digiri yake da ranarsa, don ba a karɓar takardun mutum a konkur saboda ya ce ya iya. Sai ya nuna shaidar makarantar da gwamnati ta yarda da ita. Haka idan zai ci gaba zuwa digiri na biyu, a nan gida ko a Dakar ko a Sakkwato. Digiri kamar takardar gona yake: tana hana a ture ka daga wurin, amma ba ta taɓa kama hauya ba.

Kuma a lura, ma'aikatun gwamnati suna ta komawa kan na'ura ko ba su ɗauki sababbin ma'aikata ba. Duwan na Ƙonni da manhajar SYDONIA suke fitar da kaya. Rahoton wata-wata na asibitoci a manhajar DHIS2 ake zuba shi. Ma'aikatar haraji ta kawo rasit na na'ura da take neman ƴan kasuwa su riƙa bayarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jawo aiki a gefensa: mai saka manhajar, mai koyar da ita, mai zuwa idan ta tsaya. Alhajin da ke da shago uku a babbar kasuwa ba zai kira Yamai ba duk lokacin da na'urarsa ta yi gardama.

Ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje sun daɗe suna ɗaukar yaranmu. Tun zamanin furojen Keita da Italiya ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984, Adar ba ta rabu da su ba. A shekarun nan aikin da suke bayarwa shi ne tattara bayanai a ƙauyuka da manhajoji irin su KoboToolbox, sai wanda zai zauna a ofis ya tace bayanan ya fitar da ma'ana. Na biyun nan shi ne gurbin mai digiri, kuma albashinsa ba laifi. Amma aiki ne mai wa'adi, kuma rijiyar ta ja baya, musamman tun da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025. Kada a yi auren fari bisa dogaro da kwantaragin wata shida.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan digirin kwamfuta da abin da yake haifarwa a ƙasar Adar. Na faɗi inda ƙofofi suke da ƙunci. Yanzu ga inda ni nake ganin fili, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ku ɗauko littafin lissafin wani babban ɗan kasuwar albasa, na Galmi ne ko na Tamaske. Littafi ne mai baƙin bango da ya sha hannu, an rubuta wani shafi da boko, wani da ajami. A ciki akwai sunan mai garkar da aka ba kuɗin iri da taki tun kafin dashe, da buhu nawa ya yi alkawari, da nawa ya kawo. Akwai abin da aka zuba a rudu ana jiran farashi ya tashi, da abin da ya ruɓe a ciki. Akwai kuɗin masu ɗinkin buhu, da ƴan dako, da la'adar dillali, da direban da ya ɗauki kaya zuwa Abijan ko Akara, da abin da aka kashe a hanya, da bashin da ke kan wata mai saye a can tun bara. Miliyoyi ne ke yawo a littafin nan. Idan ruwa ya jiƙa shi, ko Alhaji ya kwanta ciwo, sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara talatin suna cin tuwo tare. Kuma ko lafiyarsa lau, ka tambaye shi wace mota ce ta fi jawo masa asara a shekara uku da suka wuce, sai dai ya yi kirdado.

Abin da ake koya wa ɗalibi a shekara ta biyu, wato tsara rumbun bayanai, shi ne maganin wannan littafi. Sai dai injiniyan da aka ɗauko daga wata ƙasa ba zai iya ba, don bai san cewa buhun da aka cika a garka da wanda ya isa Abijan ba nauyinsu ɗaya ba, bai san bashin da ba a rubutawa saboda kunya ba, bai san Alhaji ba zai taɓa danna abin da aka rubuta da Faransanci ba. Wa ya san duk wannan? Ɗan gidan. Yaron da ya tashi yana ƙirga buhu a tasha, aka kai shi jami'a ya koyo ƙera manhaja, yana riƙe da abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a hannu ɗaya ba. Abin takaici, sau da yawa makaranta takan sa shi ya raina na farkon. Ya dawo yana jin kunyar warin albasa, yana neman ofis mai sanyi, alhali jarinsa na nan a abin da yake gudu.

Haka zancen yake ga ɗan mai dabbobi da ya san kasuwar Badagishiri da ta Abalak ciki da waje, da ɗiyar ma'aikaciyar asibiti da ta san yadda magani ke ƙarewa ba a ankara ba, da ɗan masuncin tafkin Tabalak.

Kada a ce tatsuniya nake yi. Abdou Maman Kané ɗan ƙasar nan ne, masanin kwamfuta. Ya dubi wahalar ban-ruwa, ya haɗa salula da famfo mai aiki da hasken rana, yadda mai garka zai tayar da ruwa ko ya tsayar da shi daga inda yake zaune. Ya kafa kamfaninsa Tech-Innov, kuma a 2015 aka ba shi babbar kyautar duniya ta Sarki Hassan na Biyu kan harkar ruwa, a taron da aka yi a Koriya ta Kudu. Gaskiya ne ba kowane mai garka ke da ƙarfin sayen na'urar ba. Amma ku dubi inda ya samo matsalar da ya warware: a bakin rijiya. Ita ma ƙungiyar RECA ta manoma, da ta ga yawancin masu noma ba sa karatu, sai ta koma ba su shawara da murya, ta kiran waya da saƙon WhatsApp, cikin harsunan gida. Duk mai son ƙera wa mutanenmu manhaja ya riƙe wannan: jama'armu da baki da kunne suke aiki da salula.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke tsorata ɗalibai a yanzu, wato ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'ura tana iya rubuta ƙananan manhajoji da kanta cikin ƙiftawar ido. A daidai wannan lokaci manyan kamfanonin Amurka suka yi ta rage ma'aikata: Meta mai Facebook ya sallami 11,000 a Nuwamban 2022, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Dalilansu na kasuwa ne da yawan ɗaukar da suka yi lokacin korona, amma saƙon ya isa ko'ina: zamanin da ake cewa duk wanda ya iya rubuta manhaja aiki na jiransa ya wuce. Wanda iyakar iliminsa kwafe abin da wani ya rubuta, na'ura ta riga ta karɓe masa abinci. Wanda ya san tushe, ya iya gane inda na'urar ta yi shirme, ita kuma ta zame masa yaron aiki da ba ya gajiya. Kuma har gobe ba za ta hau babur ta je Garhanga ta zauna da ma'ajin ƙungiyar mata ta fahimci yadda suke raba bashi ba. Sannan waɗannan na'urori har yanzu Hausarsu da saura, balle Hausar Adar, balle Tamajak. Kundin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Wa zai koya wa na'ura jin maganar tsohuwar nan ta bakin taga? Aiki ne da ke jiran masu shi.

Wasu matasa za su ce, to ai ana yi wa Turawa aiki daga ɗaki a biya mutum da dala. Ana yi, bidar zaune ke nan. Amma sai da kuran, da rezo mai ƙarfi, da Ingilishi, da hanyar da kuɗin zai iso hannunka. Kowa ya tuna watan Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta taimaka, rezon Starlink ma ya shigo ƙasar a 2025, sai dai mai wannan niyya ya sa faranti da batir a lissafinsa tun farko. Ingilishi kuwa ba a ja da shi a wannan fage, kusan duk littattafan sana'ar da shi aka rubuta. Mu da Sakkwato ke kusa da mu ba mu da uzuri.

Gargaɗi ɗaya a taƙaice. Akwai masu jan yara zuwa damfara ta intanet da sunan gwaninta. Ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gidan kaso bai san mai digiri ba.

Iyayena mata, kada a ce wannan karatun maza ne. Aiki ne na zama da natsuwa, ana iya yinsa cikin gari, wani ma cikin gida. Ku duba tagogin kamfanonin aika kuɗi ku ga su wa ke zaune. Abin da ya rage shi ne ƴaƴanmu mata su wuce daga masu danna manhajar zuwa masu ƙera ta.

To, Alhaji, ka yanke shawara za ka biya. Idan makaranta mai zaman kanta ce, kada ka tsaya kan kyan allon da ke bakin ƙofa. Ka tambaya ko gwamnati ta yarda da takardar da suke bayarwa, a nuna maka shaida a rubuce. Ka ce a kai ka ɗakin na'urori, ka ƙirga su da idonka, ka sa a kunna. Ka tambayi abin da suke yi idan kuran ya ɗauke. Ka tambayi inda ɗaliban bara suka yi sitaj. Akwai wuraren da yaro zai shekara yana rubuta manhaja da biro a takarda, malami na gyarawa da jan alƙalami, ba a taɓa gwada ta a na'ura an ga ko tana tashi ba. Idan kuma ƙarfinka bai kai shekara biyar ba, karatun shekara biyu na IUT ba abin rainawa ba ne. Yaro ya fito ya fara aiki, ya ƙara sauran daga baya da guminsa.

Kai kuma ƙanena ɗalibi, kada ka jira ranar karɓar digiri kafin ka fara. Hutun nan da kake kwana kana wuni a majalisar shayi, je ka sami mai kantin magani na unguwarku, ko makarantar islamiyyar da ka yi, ka ce za ka tsara musu lissafinsu kyauta. Za su ƙi amfani da abin da ka ƙera a karon farko. Ka tambaye su dalili, ka gyara, ka koma. Ranar da ka je neman aiki, kowa zai ajiye takarda a kan tebur, kai ka buɗe na'ura ka ce ga abin da mutane ke aiki da shi yanzu haka a Tawa.

Sai ku ƴan bida, yayyen ɗalibai. Na san kuna son ƙannenku su fita kunya, shi ya sa kuke aiko musu da salula mai tsada. Idan yaro kwamfuta yake karanta, kuɗin salular nan ku saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka. Ba sai sabuwa ba, ta hannu ma ta isa, in dai ma'ajiyar aikinta ta kai giga 8. Kafin ku biya, ku sa mai shagon ya cire ta daga wuta a gabanku, ku zauna ku ga awa nawa batirin zai riƙe, don a nan gida batir shi ne rabin na'ura. Ku haɗo da cajarta ta asali, kuma ku naɗe ta cikin tufafi a tsakiyar jaka, kada a ɗora ta saman mota tare da buhuna.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ya aiko da saƙon murya ta lambar gidan rediyo, za mu saurara a shiri na gaba. 

(Kiɗan rufe shiri)